Kwantacce

"Kawo hannunki. A'a, ba nan ba, hau sama kaɗan. Yawwa! To yi shiru ki ji."

Yaya Ruƙayya ce kwance a kan tabarma a ɗakinta da ke unguwar Madaki, ta sassauta zani, ta kama hannun ƙanwarta Batul ta ɗora a saman cibiyarta. Fuskarta sai sheƙi take yi kamar wadda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Batul ko farar rigar aiki ba ta cire ba. Daga ɗan asibitin da take aikin nas a Arawa ta tari keke ta taho, don kiran da aka yi mata na "zo maza, ki taho da abin sauraronki" bai bar mata sukunin biyawa gida ba.

Ta kuwa ji. Wani abu ne a ƙarƙashin fata yake ɗaga tafin hannunta yana saukewa, dum, dum, dum, ba gaggawa, ba fashi.

"Ya tashi, Batulu," in ji Yaya Ruƙayya. "Kwantaccen nan dai ya tashi."

Ruƙayyatu ta haura hamsin. Ta fi shekara talatin a gidan Malam Rufa'i mai hatsi, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Da al'adarta ta ɗauke 'yan shekarun baya, kowa ya ɗauka girma ne ya zo, har ita kanta. Sai da wata ta kai ta unguwar Gabukka wurin wata mata da ake kira Hajiya Mai Tayarwa, wadda ta shafa cikin sau ɗaya ta ce ai ciki ne ya shiga ya kwanta, kuma ƙwayoyin hawan jinin da take sha su ne suka danne shi. Aka jefar da ƙwayoyi, aka koma jiƙe-jiƙe da tausa duk ranar Alhamis. Duk wannan a ɓoye aka yi shi, don Yaya ta san halin ƙanwarta da bakin asibiti. Sai yau Batul take jin labarin.

Batul ta bar hannun dama a kan cikin, ta kama tsintsiyar hannun yayarta da na hagu, kamar mai wasa. Bugun ciki da bugun hannu tafiya ɗaya suke yi, ba wanda ya riga wani. Ita da ta saurari zuciyar 'yan tayi ba adadi a ɗakin awo, ta san zuciyar ɗan tayi sauri take yi, ta kusa ninka ta uwa. Wannan ba zuciyar kowa ba ce sai ta Ruƙayyatu.

Ta ba kanta haƙuri. Yaya siririya ce, kuma siraran mutane akan ji bugun babbar jijiyarsu ta ciki, ba komai ba ne. Sai ta ajiye yatsa ɗaya a kowane gefen abin, a hankali, ba tare da ta danna ba. Da lafiyayyar jijiya ce, sama kawai za ta riƙa tura yatsun. Wannan raba su yake yi, ɗaya dama ɗaya hagu, kuma faɗin da ke tsakaninsu ya kusa tafin hannu. Ta zaro abin sauraro daga jaka, ta sa a kunne, ta ɗora bakinsa a wurin. Ƙarƙashin kukan hanji ga shi nan, shuu, shuu, shuu, irin ƙarar ruwa idan aka take tiyo da ƙafa.

Babbar jijiyar da ke sauko da jini daga zuciya ce ta yi rauni ta kumbura, kuma ranar da ta fashe, mutum yakan ƙare kafin a samo mota.

"Kin ji shi ko, Anti Nas?" Hanifa ce, wata matashiyar maƙwabciya da ke zaune a bakin ƙofa. Ita ma ta daɗe da aure shiru, shi ya sa ta zuba wa Batul ido kamar za ta cinye ta.

Batul ta dubi yayarta. Wannan ce matar da ta goye ta ranar da aka fita da gawar mahaifiyarsu. Wannan ce ta yi shekaru tana saƙa hulunan jarirai na ulu tana sayarwa a gidajen suna, hular 'ya'yan wasu, har Batul ta gama makarantar nas. Hawayen murna ne yake gangarowa ta gefen idon Yaya yana shiga kunne. Batul ta buɗe baki don ta faɗi abin da ta ji, sai al'ada ta riga ilimi fitowa.

"Allah ya raba lafiya, Yaya."

Hanifa ta rangaɗa guɗa.

* * *

Washegari Batul ta sami Sista Ugoma a ɗakin allura. Ugoma ita ce babbar nas a wurin, ba Bahaushiya ba ce amma haifaffiyar Gombe ce, mahaifinta tsohon mai sayar da kayan gyaran mota ne, Hausa kuwa a bakinta kamar jakin Kano. Ita ta koya wa Batul duba ciki tun tana ɗaliba: a fara da ido, sai kunne, hannu ne na ƙarshe, kuma abin da ka ga yana bugu kada ka kuskura ka danna shi.

Batul ta zayyana mata komai. Ugoma ta ajiye audugar da ke hannunta.

"Tura yatsunki yake yi sama, ko raba su yake?"

"Raba su yake yi, Sista."

"Kin ji iska a ciki?"

"Na ji, rangaɗau."

"Tana kukan ciwon baya?"

"Ta ce yana ɗan sara mata, wai nauyin yaro ne."

"Chineke! Ya Allah! To me kike yi a nan? Wannan ai yau ya kamata a yi mata sikanin, a ɗauki hoton cikin, likitan tiyata ya gan ta. Me kika ce mata?"

Batul ta sunkuyar da kai ta faɗa. Ugoma ta daɗe tana kallonta, kallon da ya fi mari zafi.

"Batul, ke nas ce ko 'yar barka? Kuma kika ce ana yi mata tausa? A kan wannan abin? Ajiye aikin nan, ni zan riƙe miki. Je ki warware abin da bakinki ya ƙulla."

* * *

Ta tarar da Yaya Ruƙayya a inuwar darbejiya, ga ƙwallon ulu ruwan ɗorawa a cinyarta, tana saƙa. Ba sai an tambaya hular wa ce ba.

Batul ta fara da dabara, ta ce su je a yi hoton ciki don a ga yadda yaron ya kwanta. Yaya ta yi dariya ta ce ai Hajiya ta riga ta gargaɗe su. Na'urar asibiti ba ta ganin kwantacce, kuma haskenta firgita shi yake yi ya koma barci. Mata nawa aka ce musu ba komai a cikinsu, suka dawo wurin Hajiya suna kuka? Wanda ya gina wannan ƙarya ya san aikinsa, ko taga bai bari ba da gaskiya za ta leƙo.

Da dabara ta ƙare, sai Batul ta durƙusa ta kama gwiwar yayarta.

"Yaya, ki yafe mini, jiya ƙarya na yi miki. Babu ɗa a cikin nan. Jijiyar jini ce ta kumbura. Kama hannunki nan, ki sa ɗayan a ciki, ki ji da kanki, bugu ɗaya ne. Idan aka ci gaba da danna ta za ta fashe, in ta fashe kuwa ba na jin ko asibiti za a kai da ke. Don Allah ki bar zuwa Gabukka, ki koma shan maganinki, mu tafi yanzu."

Kwarashin saƙa ya tsaya. Yaya ba ta kama hannun ba, ba ta kuma taɓa cikin ba.

"Ɗa da uwarsa, don zuciyarsu ta buga tare shi ne abin mamaki?"

"Yaya, ba haka ake..."

"Jiya da bakinki kika yi mini addu'a. Yau kin kwana kin tashi, an zuga ki a asibiti." Muryarta ba ta ɗaga ba, gara ma a ce ta ɗaga. "Ke kin haifa, Batulu. Huɗu Allah ya ba ki, duka ni na yi miki wankan jegonsu, ni na saƙa musu hula. Ban taɓa yi miki baƙin ciki ba ko na ƙwayar zarra. Ni ɗaya tal da Allah ya tuna da ni bayan tsufa, shi ne za ki zo har gida ki kira shi jijiya?"

"Wallahi rayuwarki nake ji."

"Wace rayuwa? Kin san yadda ake zama a gidan suna a matsayin mai riƙe wa mutane takalma? Kin san yadda ake yi idan yaro ya yi kuka a hannunki, uwarsa ta karɓe ta ce kawo shi, Adda, ba ki saba ba?" Ta ɗauki saƙarta. "Jibi Alhamis ce tausar ƙarshe, Hajiya ta ce ranar za ta juyo da kansa. In kin ga dama ki yi mini fatan alheri. In ba ki gani ba, ƙofa a buɗe take."

Batul ta fito tana kuka a titi kamar ƙaramar yarinya, masu shago suna kallonta da farar riga. Haushin Hajiya take ji, amma haushin kanta ya fi yawa.

* * *

Daga nan kasuwar hatsi ta nufa. Malam Rufa'i yana zaune a kan buhun masara, tsoho mai sanyin hali, mutumin Katsina da ya zo Gombe da ƙuruciya ya kafa gemu a nan. Shi ya riƙe Batul kamar 'yar cikinsa, shi ya aurar da ita. Ta gaishe shi har ƙasa, ta yi masa bayani dalla-dalla, har da zana masa jijiyar da yatsa a kan ƙurar buhu.

Ya saurara har ta gama, sannan ya share zanen da tafin hannunsa a hankali.

"Batulu, ni ban yi boko ba, amma na sa hannuna na ji. Abu yana motsi."

"Yana motsi, Malam, amma ba ɗa ba ne."

"To ji nan. Rabon da in ji dariyar yayarki daga zaure, na manta. Yanzu ina shiga lungu nake jiyo ta tana waƙa." Ya kawar da kai ya dubi masu dako. "Ni ma fa mutum ne. Ban taɓa faɗa mata ba don kada ta ji ciwo, amma ni ma ina so a kira ni baban wani."

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Batul ta ga ba mutum ɗaya ruwan ya ci ba, su biyu ne.

Ta roƙe shi da girman Allah ya hana tausar jibi kawai, ko da ba za a je asibiti ba. Ya ce zai duba. Daga baya ya ce to, ya ji, zai hana. A ƙarshe, da ta miƙe za ta tafi, ya ce amma in an riga an yi ta jibin, ai shi ke nan an gama, ranar Juma'a shi da kansa zai kai ta a yi hoton, kowa ya huta. Ta juyo za ta sake magana, sai ga mai sayen dawa ya iso, Malam ya tashi da saurin da bai saba yi wa ciniki ba.

Ranar Laraba ta koma Madaki. Yaya ta sa aka ce mata tana barci.

* * *

Ranar Alhamis Batul ta yi sammako ta je ta tsare ƙofar gidan, ashe an riga ta. Almajirar dabara ba ta kai malamarta ba: Yaya ta fita tun bayan sallar asuba, ita da Hanifa. Batul ta tari keke ta ce Gabukka, ba ta ma san gidan ba, sai tambaya. Abin takaici, ba wanda ta tambaya ya ce bai sani ba.

Gida ne mai jan ƙofa a ƙarshen unguwa, inda gine-gine suka fara sirancewa. Tsakar gidan cike da mata a kan tabarmi, wasu da hijabi, wasu da ɗankwalin coci, kowace ta rungume cikin da ba kowa a cikinsa. Warin man kaɗanya da hayaƙin turare ya cika wurin. Batul tana cikin raba ido ta ji ƙarar daga ɗakin da aka saki labule. Ba ihu ba ne, wani gajeren nishi ne mai nauyi, amma ko cikin mata dubu ta san muryar.

Ta banka labulen. Yaya Ruƙayya tana kwance, cikinta na ƙyallin mai, ta dafe bayanta da hannu biyu. Wata ƙatuwar mata mai zobba a yatsu tana durƙushe a kanta, ta naɗe hannun riga.

"Naƙuda ce! Ku ba ta wuri, yaro ya juyo!" in ji matar, wato Hajiya Mai Tayarwa.

Batul ta ture ta gefe. Goshin Yaya ya jiƙe da gumi mai sanyi, leɓɓanta sun yi fari, cikin ido ba ɗigon jini. Ta kama tsintsiyar hannu, bugun ya zama siriri, yana gudu kamar zai tsinke. Ta ƙwalla wa Hanifa kira, suka cicciɓe ta zuwa keken da bai riga ya tafi ba. Matan tsakar gida suna ta "Allah ya sauke ki lafiya, Adda", wata har da tafi.

A cikin keke Batul ta rungume kan yayarta a ƙirji tana yi wa direba tsawa ya nufi babban asibiti. Hanya duk ramuka, kowane rami sai Yaya ta yi nishi. Can ta buɗe ido.

"Batulu... haka naƙuda take?"

Batul ta kasa cewa e, ta kasa cewa a'a. Ta shiga laƙƙana mata kalmar shahada, Yaya tana bi a hankali.

Kafin su kai kwanar asibitin, Batul ta ɗora hannu a saman cibiyar, wurin da aka ɗora mata shi ranar Litinin. Shiru. Abin da ya yi ta bugawa ya daina.

* * *

Ranar sadakar uku gidan ya cika. Batul tana zaune a kusurwa, idanunta sun ƙafe, tana jin yadda labari yake sake kama a bakin mata.

"Ai ta dace, wallahi. Mace ta rasu a kan gwiwa, shahada ke nan."

"Bayan shekara talatin fa! Ikon Allah sai kallo."

"Har ƙanwarta nas ta sa abin asibiti ta saurara, ta tabbatar."

Da hantsi sai ga Hajiya Mai Tayarwa da kanta, cikin lafaya mai tsada, ƙamshi na bin ta. Aka shimfiɗa mata dardumar da ta fi kowace kyau. Ta matse hawaye ta ce ita ba ta taɓa ganin kwantacce mai ƙarfin wannan ba, namiji ne, ta ji kansa a tafin hannunta, da an bar ta ta ƙarasa aikinta ba a fizge uwar an jijjiga ta a keke ba, da yanzu wani zance ake yi. Idanu suka juyo kan Batul.

Ta miƙe. Ta ce babu ciki, ba a taɓa yin ciki ba, jijiya ce, kuma hannun matar nan ne ya fasa ta. Muryarta ta fita har waje. Wata tsohuwa ta ja ta ta zaunar, tana cewa a yi mata uzuri, zafin rashi ne. Wata ta ce gidan makoki ba wurin tone-tone ba ne. Hanifa kuwa, da ke raba ruwa, ta ce a hankali, ba da niyyar faɗa ba:

"Amma Anti Nas, da kunnena na ji kin ce Allah ya raba lafiya."

Hajiya ta shafa fatiha, ta tashi, mata biyu suka raka ta har ƙofa suna yi mata magana ƙasa-ƙasa.

Bayan la'asar aka ce Malam yana kiranta a zaure. Ta same shi shi kaɗai, ya rame a kwana uku kamar wanda ya yi jinyar shekara. A hannunsa ga hular ulu ruwan ɗorawa, an gama saƙa ta, har da ɗan tuntu a sama.

"Batulu, ke kika saurara da kunnenki," ya ce, bai ɗago ba. "An ce namiji ne. Haka ne?"

Ta durƙusa a gabansa. Sau ɗaya ta zaɓi daɗin baki, ta ga inda ya kai su.

"Malam, na faɗa maka a kasuwa, yanzu ma shi zan faɗa. Babu..."

Ya ɗaga mata hannu.

"Na binne matata shekaranjiya. Kada ki sa in fito daga maƙabarta ba ni da ko ɗaya. Ki bar mini ɗana."

Ya juya hular a hannunsa, ya shafa tuntun da babban yatsa. Sai ga Hanifa ta fito daga cikin gida da mayafi da jaka, ta rusuna ta yi masa sallama. Ya dube ta, ya dubi hular, ya miƙa mata.

"Ungo, 'yata. Ita ba ta samu ta sa wa nata ba. Allah ya sa ki sa wa naki."

Hanifa ta karɓa da hannu biyu, ta sa a jaka, ta fita ba ta yarda sun haɗa ido da Batul ba. Daga inda take durƙushe, Batul tana hango bakin titi ta ƙofar zaure. Ta ga keke ya tsaya, ta ji mai keken ya ce, "Ina zuwa, Hajiya?"

"Gabukka," in ji Hanifa, ta tattara mayafinta ta shiga.